Harsashi Biyu a Gindin Turke

Ƙarfe ɗaya saura kwata, ranar Lahadi, rana ta biyu ta gasar jiha. Ina tsaye a rumfar abinci da sosej cikin burodi, ina korar ƙudaje ban ko kai baki ba, sai ga Lindsay Kruger ya nufo ni riƙe da jakar kayansa a wangale.

"Clarrie, bindigata ba ta nan."

"Taɓa ƙugunka, tsoho," na ce. "Bara ma ka tayar mana da hankali kan tabarau, alhali yana goshinka."

Bai yi dariya ba. Kuben da ke ƙugunsa fanko ne. Ya ce da aka tashi cin abinci ya sa bindigar cikin 'yar jakarta ta fata, ya zuge, ya jefa a babbar jaka, ya ajiye a kujerar a-kori-kurarsa. Yanzu ya koma, babu bindiga, babu 'yar jakar.

"Ka kulle motar?"

Ya kalli ƙasa. Na ajiye burodin nan a kan tebur, har yau ban san wanda ya ci shi ba.

Sunana Clarrie Brandt. Aji shida na tsaya a makaranta, sauran karatuna a kan gireda na yi shi, ina gyaran hanyoyin yammacin Queensland. Da giredar nan na tura kowane tudun ƙasa da ke filin harbi na Warrabinda, shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma sunana ne a takardar izinin wurin. Shekara biyu kafin wannan rana wani harsashi ya tsallake tudu ya fasa tankin ruwan maƙwabcinmu. Aka zo aka auna, aka rubuta, aka ce mini ido da ido: Brandt, aka sake ko da kuskure ɗaya, an rufe filin nan ke nan. In aka rufe, mutum arba'in da ɗaya na kulob ɗinmu sun rasa lasin, don ba a bar wa mutum ƙaramar bindiga sai yana halartar gasa, kuma fili mafi kusa da mu tafiyar awa biyar ce. Ba ma bindigar ba. A cikin farin da ya shekara huɗu yana cin mu, nan ne kaɗai wurin da mutum zai baro gonarsa ya ga fuskar da ba ta tunkiya ba.

Saje Odgers, ɗan sandan garinmu, zai zo ƙarfe huɗu ya miƙa kofuna. Abin da ya kamata in yi shi ne in kira shi nan take. Na sani sarai. Ban kira ba. Na ce a raina, in bindigar nan ta fito kafin huɗu, ba a yi sata ba, tsoho ne ya manta inda ya ajiye kayansa.

Na kira Murray Tapp, babban alƙalin fili, abokina tun muna da gashi a ka.

"Murray, sa kwaɗo a ƙofa. Babu mai fita. Tara kowa a inuwa."

Ya dube ni ɗan lokaci, sannan ya karɓi mabuɗi ya tafi.

*

Mutum sittin da huɗu a ƙarƙashin rumfar kwano ɗaya, cikin zafin da ke narkar da kwalta, kowa da bindiga a ƙugu, kowa yana kallon na kusa da shi ta wutsiyar ido. 'Yan gari suka ware gefe suna hararar baƙin da suka zo daga Brisbane. Baƙin suka ware suna tambayar wane irin wuri ne wannan. Aka buɗe kowace jaka, aka leƙa kowace mota. Babu.

Sai wani baƙo mai farar hula ya ce, ba da ƙarfi ba amma yadda za a ji, "An duba kicin kuwa?"

A kicin ɗin akwai mace ɗaya, Anti Noelene Doolan. Shekarunta sun haura sittin. Ubanta ya yi wa 'yan sanda bin sawu tun zamanin dawaki, ita kuma ta yi shekara ashirin tana bi wa ƙaramar hukuma sawun aladen daji da karnukan jeji, ban da 'yan yawon buɗe ido da ta tsamo daga bakin mutuwa. Ba ta harbin ƙaramar bindiga. A wurinta wasan manyan jarirai ne, soya mana albasa kawai take yi.

Ta goge hannu a jikin rigarta ta fito.

"Wane ne mai son duba kicin?" Ta bi su da kallo. "To, tunda ido ya fara juyowa nan, Clarrie, zaunar da garken nan naka. Wanda ya ƙara taka ƙasa zan soya shi da albasa. Ina motar?"

*

Ta daɗe a tsugune a gefen motar Lindsay, ta juya wa rana baya, sannan ta zagaya ta fuskance ta.

"Ku dai Allah ya shirye ku. Dukkanku takalmi iri ɗaya, kamar 'yan makarantar kwana."

Gaskiyarta. Kowa a wasan nan takalmi mai haƙora yake sawa don gudu a tsakuwa.

"Ke nan babu abin da za ki gani?"

"Na ce maka haka? Ga Lindsay, yana jan ƙafar hagu. Ya zo ya tafi. Ga wani a kan nasa. Wannan bai yi sanɗa ba, tafiyar mai wuri ya yi. Amma dubi nan, bakin ƙofa. Ya tsaya, ya juya zai tafi, ya dawo, ya sake tsayawa. Ɓarawon da na sani ba ya shawara da kansa a bakin ƙofa."

Na zaci sawun zai nufi shinge, ko wajen motoci. Ina! Ya bi ta bayan tudun ƙasa, inda ba a hango mutum daga rumfa, ya miƙe har ƙarshen fili, wajen fagen harbi na takwas. A can akwai 'yar rumfa da tebur yana fuskantar tudu. Muna da irinta uku. Nan ne kaɗai aka yarda mutum ya fito da bindiga daga jaka ko kube in ba alƙali ne ya umarce shi ba.

'Yar jakar fatar tana ƙarƙashin tebur, a buɗe, babu komai ciki.

Noelene ta nuna ƙasa da haɓa. "Ya tsaya nan, ƙafa a ware, fuska ga tudu. Me ya kawo shi har nan da bindigar sata? Me ya hana shi zare ta can ya cusa a riga?"

Na ce, "Dubawa ya zo yi, ko akwai harsashi a ciki. Ba ma taɓa bindiga sai a teburin nan. Wanda ya taɓa a wani wuri an kore shi daga gasa."

"Au, ɓarawon naku mai bin doka ne."

Ta koma baya taku biyar, wajen wani turken katako da ke bakin rumfar. "Nan ma ya tsaya. Me ake yi a nan?"

"Ba a shiga da harsashi a hannu ko a aljihu. A kan turken ake ajiyewa."

Ta hura ƙurar saman turken a hankali, ta nuna mini wasu 'yan zagaye, inda aka jera abubuwa a tsaye aka kwashe. Sannan ta sa yatsa cikin busasshiyar ciyawar da ke gindinsa, ta ɗago da harsashi guda, sabo, ba a harba ba. A gindinsa akwai jan layi.

Mu nan kowa shi ke ɗura harsashinsa a gida, kuma kwanson tagulla ba a barinsa a ƙasa, tsincewa ake a sake ɗurawa. Don kada a yi rigima, kowa da alamar da yake shafa wa nasa. Jan layi guda na Dragan Vukic ne.

Daga rumfar sawun ya hau hanyar tsakuwar da na shimfiɗa da hannuna, ya ɓace. Ban taɓa tsine wa aikina ba sai ranar.

*

Ƙarfe biyu. Na kira Dragan bayan shagon kayanmu. Makaniken gari ne, ƙato, mai saurin fushi, kuma da safen nan kowa ya ji shi yana musu da Lindsay kan maki biyu.

Na buɗe tafin hannuna. "Naka ne?"

"Nawa ne. A ina ka samu?"

"Inda aka buɗe jakar Lindsay."

Fuskarsa ta yi jajir. "Clarrie, kai ne ka riƙe mini 'yata a coci ranar baftisma. Yau ni kake kira ɓarawo?"

"Tambayarka nake. Ina kake da tsakar rana?"

"Ina ƙarƙashin motar wani sakaran baƙo na Toowoomba, ina ɗaure masa bututun hayaƙi da waya. Je ka tambaye shi. Maki biyu! Shekara ashirin ina zagin Lindsay kan maki, yana zagina, shi ne abincinmu. In saci bindigarsa in yi musu da wa?" Ya tofar da yawu. "Mutumin da ya kawo mini injin ɗura harsashinsa makon jiya, kyauta, ya ce ya gaji da shi. In kwashi kyauta ranar Talata in yi masa sata ranar Lahadi?"

Noelene ta ce, "Ɗaga ƙafarka, ɗana."

Ya ɗaga. Ta duba, ta dubi bayan rigarsa da ya yi baƙi da mai da ƙasa. "Ƙafarka ta fi waccan da yatsa biyu. Je ka sha ruwa."

Na ce, "To harsashinsa tashi ya yi ya je can?"

Ta juya ta koma wajen turken, ni kuma na bi ta kamar kare, ina duban agogo.

*

Wannan karon kwanciya ta yi rubda ciki. Fari ya tsattsage ƙasar wurin, wata tsagar hannu zai shiga. Ta karyo tsinke ta yi ta tono, ni ina tsaye rana tana dafa mini ƙeya, ina jin hayaniyar rumfa tana ƙaruwa daga nesa. Biyu da rabi ta wuce.

"Anti, don Allah."

"In kana sauri ka je ka tambayi bindigar inda take."

Sai ga wani harsashin ya fito daga tsagar. Gindinsa shuɗi ne gaba ɗaya.

Shuɗin gindi na Dakta Ashworth ne, likitan haƙori daga Brisbane, mai farar hular da ya tambayi kicin. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. In dai dole wani ya zama ɓarawo, gara baƙo.

Muka same shi yana fifita da takardar maki.

"Dakta, an ce jiya ka taya bindigar Lindsay."

"Na taya. Aikin hannun tsohon maƙeri ce, ba a yin irinta yanzu. Taya abu laifi ne a garin nan?"

"Ya sayar?"

"Ya ƙi. Ya ce ba ta sayarwa ba ce, amma in ina so in kira ƙanwarsa bayan mako guda, wataƙila ta ba ni. Na ɗauka irin ba'arku ce ta mutanen daji." Ya ga harsashin a hannuna. "Wannan nawa ne. Kuma kafin ka tambaya, tun da aka tashi ina layin abinci, ina jiran a gama ƙona mini albasa."

Noelene ta ce, "Gaskiya ya faɗa. Sau biyu ya dawo da farantinsa. Ban manta fuskar da ta raina girkina ba."

"Malam Brandt," in ji Dakta, "ƙarfe uku saura. Ka kulle mutum sittin ba da izinin kowa ba. In ba ka kira 'yan sanda ba, ni ina da waya."

"Ba ni zuwa huɗu, Dakta. Ina roƙonka."

Ban taɓa roƙon mutum mai irin wannan hular ba. Ya ɗaga kafaɗa.

*

Na zauna a kan wata tsohuwar taya a fage na takwas. Mutum biyu, harsashi biyu, kuma ba ɗayansu da ya je wurin. Na fara lissafin yadda zan gaya wa mutum arba'in da ɗaya cewa an gama.

Noelene tana yawo a fagen, tana ture kwanson harsashi da yatsan ƙafa.

"Koren ɗigo na wa?"

"Lindsay."

"Ka ce kowa tsince nasa yake. Ga nasa nan birjik."

"Ya manta ne." Ina faɗa ina jin ƙaryar a bakina. Lindsay mutum ne da zai rarrafa cikin ƙaya don kwanso ɗaya.

"Tashi, Clarrie. Ni ban san wasanku ba. Nuna mini yadda mutum yake gamawa. Ya yi gudunsa, ya harbi kwalayen nan da kuke kafawa, sai me?"

"Anti, ba lokacin..."

"Tashi."

Na tashi, na miƙa hannu kamar ina riƙe da bindiga. "Alƙali yana bayana. Ya ce in ka gama, sauke, nuna babu komai. In zare gidan harsashi. In ja saman bindigar baya, wanda ya rage a ciki ya yi tsalle ya fito. Alƙali ya leƙa, ya ce mayar kube. Shi ke nan."

"Wanda ya yi tsallen fa?"

"Ya faɗi ƙasa. Mai harbi ba ya sunkuyawa da bindiga a hannu, sai alƙali ya..."

Na tsaya.

"Sai alƙali ya me?"

"Ya tsince. Ya miƙa wa mai shi. In ana sauri ya jefa a aljihu, sai an tashi ya raba."

"Dragan da likitan haƙori da Lindsay, rukuni ɗaya suke?"

"Ɗaya."

"Wane fage suka harba kafin abinci?"

"Wannan."

"Wa ke alƙalanci a nan?"

Ta dube ni da tausayi, abin da ban taɓa gani a fuskarta ba. "Ni ƙasa kawai nake karantawa, ɗan'uwana. Ta ce mini mutum ɗaya ya zazzage aljihunsa a kan turken can, kuma aljihun da kayan mutane a ciki. Sunan kai ka san shi."

*

Uku da ashirin. Na tara su a shagon kwano inda muke ajiye kwalaye da fenti: Lindsay, Dragan, Dakta Ashworth, Murray, da Noelene a bakin ƙofa. Na ja ƙofar. Zafin ciki kamar tanda.

Na ajiye harsashi biyu a kan durom, ja da shuɗi.

"An tsinci waɗannan inda aka buɗe jakar. Masu su ba su je wurin ba. Kowa ya juye aljihunsa a nan."

Dragan ya juye: sukurudireba, alewa, jan layi uku. Dakta ya juye: mabuɗi da hankici. Lindsay bai motsa ba. Murray ma.

"Murray."

"Clarrie, kada ka sa ni."

"Juye."

Ya sa hannu a aljihun wando, ya zube su a kan durom. Guda biyar. Rawaya, baƙin gicciye, fari, wani jan, da koren ɗigo guda.

Dragan ya ce, "Kai! Murray? Kai da ka kori ɗanka na cikinka daga gasa don yatsansa ya taɓa kunamar bindiga?"

"Ni ne," in ji Murray. Muryarsa ba ta rawa. "Na ji ƙahon komawa fili, na kwashe harsasan daga kan turken da sauri, ban ƙirga ba."

Na ji kamar in shaƙe shi. "Awa uku! Kana tsaye kusa da ni ana buɗe jakunkunan mutane! Ina bindigar take?"

"Tana nan lafiya. Ba zan faɗa ba sai ka rantse ba za ka mayar masa ba."

"Bindigarsa ce!"

Murray ya ɗauki koren harsashin ya riƙe a sama. "Tambaye shi wannan. Da ya gama harbi ya sauke, na tsince. Ya bar kwanso talatin a ƙasa bai ko waiwaya ba, amma wannan guda ɗayan ya miƙo hannu. Ya ce, ba ni, Murray, shi kaɗai nake bukata. Na ce sai an tashi. Ya yi mini wani murmushi, ya ce ba komai, akwai wani a mota. Sannan ya kama hannuna ya ce ya gode da shekarun nan. Lindsay Kruger! Mutumin da bai taɓa gode wa alƙali ba tunda aka haife shi."

Na ga Dragan ya dafa bango. "Injin," ya ce a hankali. "Wayyo ni, injin."

Dakta ya cire hularsa. "Ƙanwarsa. Bayan mako guda."

Na juya ga Lindsay. Na san ya harbe tumakinsa ɗari tara da hannunsa a watan jiya, don babu abin da zai ba su. Na san Beryl, matarsa, ta shekara biyu a ƙasa. Duk mun sani. Mukan ce yaya gona, ya ce tana nan, mu ce madalla, mu ci gaba da maganar harsashi.

"Lindsay, gaskiya ne? Kanka ka yi niyyar kashewa?"

Ya ɗago. Idonsa a bushe, muryarsa a kwance, kamar mai maganar yanayi.

"Murray ya tsufa, yana ganin abin da babu. Clarrie, saurara. Huɗu saura ashirin da biyar. Ya kawo bindigar, in sa a ƙugu, mu fita mu ce a bayan kujera ta faɗa. A yi mini dariya, Saje ya miƙa kofuna, kowa ya tafi gida. Fili ya tsira. Ba abin da kake so ke nan ba?"

Shi ne abin da nake so. Allah ya sani shi ne. Na tsaya ina kallon durom ɗin nan, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na auna. Na ce a raina wataƙila Murray ya yi kuskure. Na ce mutum baligi ne, ransa nasa ne. Na ce mutum arba'in da ɗaya. Duk wannan ya ratsa kaina, ni Clarrie Brandt, ina tsaye taku biyu daga mutumin da na ci abinci a gidansa sau ɗari.

Dragan ya ce, "A riƙe bindigar a nan mana. A kulle a akwatin kulob, a yi shiru. Ba wanda ya sani sai mu."

"Haka na yi niyya," in ji Murray. "In ɓoye ta kwana biyu har in samu in yi masa magana. Ban zaci zai zo wurinka ba."

Daga bakin ƙofa Noelene ta ce, "Lindsay, bindiga nawa ke gidanka?"

Lindsay ya kawar da kai gefe.

"Ni na sani, na yi farautar alade a gonarka. Dogaye huɗu a kabad ɗin ƙarfe. Murray, ka ɗauke cokali ka bar masa tukunya. Wa ke da ikon shiga gidan mutum ya kwashe waɗannan?"

Mun san amsar. Mutum ɗaya ne, kuma yana kan hanya da kofuna a bayan mota. In aka gaya masa dalili, sai an gaya masa komai: an ɗauki bindiga a filina, alƙalina ne ya ɗauka, ni kuma na kulle ƙofa awa uku ban kira kowa ba.

Sai a lokacin muryar Lindsay ta fashe. "Clarrie, kada ka yi mini haka. Su zo gidana da mota mai fitila, gari duk yana kallo? Su kwashe bindigar ubana? Su kai ni wurin likita kamar mahaukaci? Ka bar ni da mutuncina. Shi kaɗai ya rage mini. Kuma ka rasa filinka a banza, don wallahi ba zan gode maka ba."

"Na sani," na ce.

Murray ya ce, "Tana cikin shuɗin durom na uku a fage na shida, ƙarƙashin yashi. Ni zan faɗa wa Saje da bakina."

"Dragan, zauna da shi. Ko bayan gida zai je, ka bi shi."

Dragan ya ja wani bokitin fenti ya zauna a gaban Lindsay, gwiwa da gwiwa. "Zage ni, tsoho," ya ce, hawaye yana bin gemunsa. "Maki biyun nan nawa ne, kuma ka sani."

Na karɓi mabuɗi a hannun Murray na fita. Daga shago zuwa ƙofar fili taku ɗari uku ne. Na wuce rumfa, mutane suna kirana, ban waiwaya ba. Na wuce tudun farko da na tura, wanda ya karkace don lokacin ban iya ba. Ina isa, ga ƙurar motar Saje.

Ya leƙo ta taga yana murmushi. "Yaya, Clarrie? Kwaɗo da rana tsaka? Tsoron kada in gudu da kofunan?"

"Kashe motar, Saje," na ce. "Maganar da tsawo."

*

An rufe filin kafin wata ya ƙare. Murray ya tsaya gaban alƙalin kotu, aka sassauta masa, amma lasin ya tafi har abada. Nawa ma. Daga cikin arba'in da ɗaya, tara ne suke iya tafiyar awa biyar ɗin, sauran suka miƙa bindigoginsu. Wasu sun fahimta. Wasu in na shiga mashaya sai su juya kujera, kuma ban ga laifinsu ba.

Lindsay ya yi mako shida a asibitin birni, ƙanwarsa ta zo ta zauna da shi rabin shekara. Ya cika alkawarinsa, bai gode mini ba. Shekara uku ke nan ko gaisuwata bai amsa ba.

Duk ranar Alhamis yakan shigo gari sayen abincin kaji. Ni ba ni da kaza ko ɗaya, amma nakan sa hula in tafi, in tsallaka titi don in bi ta gabansa. In ce, "Lindsay." Ya ɗauke kai, ya juya mini baya, ya ci gaba da loda buhunansa yana tsaki.

Nakan ɗan tsaya in kalli ƙeyar nan tasa da rana ta ƙona, sannan in koma gida.